Wanda Aka Yi wa Keta Shi Ke Kira

Kwandon wasan ƙwallon da ke filin bayan gareji Guduma ne ya yi shi da hannunsa. Shi ya lanƙwasa rodin, shi ya yi masa walda a jikin allon ƙarfe, shi ya rataya sarƙa a madadin raga, don ragar zare ba ta yin ƙarko a hannun mutanen filin nan. Idan ƙwallo ta shiga tsaf ba ta taɓa baki ba, sarƙar sai ta yi wani ƙaras da ake ji har bakin titi. Guduma ya sha faɗa cewa duk duniya babu sautin da ya fi wannan yi masa daɗi, har da muryar matarsa. Maganar ta koma gida, kuma ya ji a jikinsa, amma bai janye ba.

Mai walda ne, ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa, hannuwa duk tabon tartsatsi. Ba shi da tsawon da ake nema a ƙwallon kwando, sai ya cike giɓin da gwiwar hannu. Sunan Guduma ba a shago ya samo shi ba, a ƙarƙashin kwando ya samo shi, ranar da ya zubar wa wani baƙo haƙori ya kuma taya shi nema a ƙasa. Maganar gaskiya, mutumin kirki ne a ko'ina. Zai bar aikinsa ya zo ya gyara maka ƙofa da tsakar rana. Amma da zarar ya taka simintin nan sai ya zama wani daban, bai san ka ba, bai san ubanka ba, kuma ba ya son a ci shi ko a mafarki.

Filin ba shi da alƙalin wasa. Doka biyu ce, duka kuma Guduma ya kafa su. Ta farko, ana wasa uku da uku a kwando ɗaya, waɗanda suka riga kai goma sha ɗaya su ke tsayawa a fili, waɗanda aka ci su koma benci. Ta biyu, wanda aka yi wa keta shi kaɗai ke da bakin kira. Ko an fasa maka hanci a gaban kowa, in ba ka buɗe baki ka ce “keta” ba, to ba a yi komai ba. In ka kira, za a mayar maka da ƙwallo, a soke duk cin da ya biyo baya, amma ka shirya wa bakin Tela. Tela bai taɓa jefa ƙwallo ba a rayuwarsa. Yana rufe shago ya zo ya zauna a kan wata tsohuwar tayar mota, almakashinsa a aljihu, yana ƙirga ci da ƙarfi yana yi wa mutane tsiya. Saboda bakinsa akwai ƙarti da yawa da suka gwammace su haɗiye jini da su kira keta.

Akwai kuma abin da ba ya cikin doka amma kowa ya san da shi, wato tarkon Guduma. Idan mutum ya yi tsalle zai jefa, idonsa a sama, Guduma sai ya zura ƙafa a daidai inda mutumin zai sauka. Ba ya turi, ba ya duka, ƙafa kawai yake ajiyewa. Baƙin da ke zuwa daga wasu unguwanni da cika baki su yake ɗana wa, kuma an ga waɗanda suka koma gida a kafaɗar abokansu. Shi ya sa abu na farko da ya koya wa ƙaninsa, tun kafin ya koya masa jifa, shi ne sauka.

“Duba ƙasa kafin ka sauka,” haka yake ce masa kullum. “Ko wa ke ƙarƙashinka, duba ƙasa. In ka ga ƙafa, naɗe taka ka faɗi da gefe. Gara ka goge fata.”

Ƙanin nan shi ne Auta. Mahaifinsu ya rasu Auta yana goye, saboda haka a hannun Guduma ya tashi, a shagon walda ya koyi tafiya. Sai yaro ya yi ta miƙewa har ya wuce yayansa da kai guda, ga dogayen hannuwa, ga jifa mai laushi wadda ba a san inda ya gado ta ba. Tun da ya fara shiga fili a ɓangaren yayansa yake. Guduma ya yi dambe a ƙarƙashin kwando ya ƙwato ƙwallo, ya miƙa, Auta ya jefa, sarƙa ta yi ƙara. Da haka suka riƙe filin har mutane suka daina sa ran cin su, sai dai a shiga don a motsa jiki.

Labarin Auta ya kai kunnen kocin wata babbar ƙungiya, ya aiko cewa zai zo da kansa ya gan shi, in ya yi masa ya tafi da shi. Da safiyar ranar Guduma ya shigo gidan Inna, mahaifiyarsu, da kwali a hammata. Sabon takalmi ne fari, irin mai rufe idon sahu. Ya zaunar da Auta a kan kujerar tsakar gida, ya durƙusa ya sa masa, ya ja igiyar ya ɗaure da kansa, yana matsa yatsan yana tambaya ko ya kama. Auta duk kunya ta kama shi, sai cewa yake, “Yaya, bari zan ɗaura.”

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana kallonsu. Ta ce, “Babba, ka san halinka a filin nan. Yau ranar yaron nan ce, ka kula mini da shi.”

“Haba Inna, ni za ki gaya wa? Duk wanda ya taɓa shi yau sai ya kwana a asibiti.”

“To, ni ban ce ka kai kowa asibiti ba.”

Da yamma filin ya cika har bayan gareji. Makanikai sun ajiye sifana, masu shaguna sun ja ƙofa, wasu sun hau kan matattun motoci don su gani da kyau. Kocin wani siriri ne mai furfura da hular hana rana, ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya tsaya a gefen layi hannu a harɗe. Da ya ga yadda ake raba mutane sai ya ɗaga hannu.

“Kai ne yayansa?” ya tambayi Guduma. “An ce kai ke share masa hanya. To ni ba zan ɗauki yaro da yayansa ba, shi kaɗai zan ɗauka. Koma ɗaya ɓangaren ka tsare shi. Kada ka raga masa, in ka raga zan gane.”

Guduma ya yi dariya. Ya ɗauki Mahauci da wani direba, ya bar wa Auta Mai Aski da wani kafinta. A ransa ya gama tsara komai: zai ɗan matsa don kada kocin ya ce an yi masa wasan yara, sannan ya bar yaro ya nuna kansa. Abu mai sauƙi.

Haka kuwa aka fara. Ya ba Auta ɗan sarari, Auta ya tashi ya jefa, ƙaras. Ya sake, ƙaras. Guduma ya ji kansa ya yi girma, har ya saci kallon kocin don ya ga ko yana gani. Sai ƙwallo ta zo hannunsa. Ya ba Auta baya, ya yi ta tura shi da ƙugu yana buga ƙwallon a ƙasa har suka iso gindin kwando, ya juya ya tashi yadda ya saba tashi a kan kowa. Bai ga hannun ba. Ya dai ji fau, ƙwallon ta bar tafinsa ta tafi ta daki ƙofar gareji ta dawo.

Filin ya kaure da ihu. Wani makanike ya faɗo daga kan mota don dariya. Tela ya miƙe tsaye a kan tayarsa yana cewa, “Jama'a, ƙotar guduma ta karye! A kawo wa tsoho kujera!”

Duk wannan Guduma zai iya shanyewa, ya sha jin wanda ya fi shi. Abin da ya ƙi wucewa shi ne muryar Auta, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa: “Yi haƙuri, Yaya.”

Haƙuri. A filinsa, a ƙarƙashin kwandon da ya yi da hannunsa, yaron da ya share wa majina yake ba shi haƙuri. Tsarin da ya yi ɗazu ya bi iska, maganar Inna ta bi shi.

Da ƙwallo ta sake zuwa hannunsa bai juya ba, kai tsaye ya shiga. Ya sa kafaɗa a ƙirjin Auta da dukan nauyinsa, Auta ya yi baya taga-taga, Guduma ya ajiye ƙwallon a kwando. Ya jira ya ji an ce keta. Shiru. A karo na gaba ya soka masa gwiwar hannu a haƙarƙari, irin sukan da ke ɗauke numfashi. Auta ya duƙa ya riƙe gwiwoyinsa, ya yi tari, ya miƙe ya koma wurinsa. Nan ma shiru.

Auta ba ya jin tsoron bakin Tela. Ya sha kiran keta a kan Mahauci, a kan baƙi, a kan kowa, ba ya ko ƙiftawa. Guduma ya san haka, kuma nan take ya gane abin da ke faruwa: yaron ba zai iya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce yayansa ya yi masa keta ba. Bakinsa ba zai buɗe ba. Da a wani wuri ne da wannan ya sa jikin Guduma ya yi sanyi. A kan simintin nan kuwa sai ya ga ƙofa ce aka bar masa a buɗe, kuma bai taɓa ganin ƙofa a buɗe a fili ya ƙi shiga ba.

Wasa ya koma dambe. Mahauci da ya ga ubangidansa ya ɗau zafi sai shi ma ya saki jiki, ya riƙa bangaje kafinta kamar yana sauke kaya. Mai Aski ya yaga wa direba riga har cibiya. Ana ta tashi sama ana karo, gwiwa a cinya, farce a wuya, gumi yana sa hannu yana zamewa a jikin mutum. Ƙwallo ta daki allo ta dawo, mutum huɗu suka tashi mata lokaci guda. Guduma ya cafke ta ya buɗe gwiwoyin hannunsa ya juya da ƙarfi, ta dama ta sami wani abu mai taushi. Da ya waiwaya sai ya ga Auta riƙe da baki, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan farin takalmin.

“Kira mana!” Mai Aski ya daka wa Auta tsawa. “Kira keta! Kashe ka zai yi kana kallo?”

Auta ya tofar da jini a gefen layi, ya goge baki da gefen riga. Ya ce, “Wasa ne. A ci gaba.”

“Wane irin wasa? Wallahi in ba za ka kira ba ni zan rama maka.”

“Ba ruwanka. Miƙo ƙwallo.”

Daga nan Auta ya daina ba da haƙuri. Bai rama da duka ba, ko sau ɗaya, da ƙwallo ya rama. Ya yi kamar zai bi dama, Guduma ya bi, ya ratsa ta hagu ya bar shi yana kama iska. Ya ja baya ya jefa daga nesa da hannun Guduma a fuskarsa, ƙaras. Sannan ya yi abin da har yau ake labarinsa a gareji: ya taho da gudu daga tsakiyar fili, Guduma ya kafe a gabansa ya ƙi matsawa, Auta ya tashi ta kansa, gwiwarsa ta daki Guduma a ƙirji, ya dunƙula ƙwallon cikin kwando da hannu biyu har allon ƙarfen ya yi rugugi. Guduma ya tafi da baya ya goge siminti, fatar kafaɗarsa ta saɓule.

Ya tashi yana dariya. Ba dariyar jin haushi ba ce, daɗi yake ji, daɗin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Shekaru yana cin mutanen da suka riga suka sallama tun kafin a fara, yau ga wanda ya tsaya masa, ga wanda yake sa shi ya ji zuciyarsa tana dukan haƙarƙari. Kafaɗarsa tana ci da wuta, bakinsa gishiri, amma da za a ce masa wasan nan ba zai ƙare ba har abada da ya ce ya yarda. Ya daki ƙirji ya ce, “Yauwa! Zo! Zo nan ka same ni!” Bai ƙara tuna cewa akwai wani koci a gefen layi ba. Ko fuskar Auta ya daina gani, dogon abu kawai yake gani mai son ƙwace masa fili.

Aka yi ta ja, wannan ya ci wancan ya rama. Muryar Tela ta dishe, tsiyar ma ya daina, ƙirga kawai yake yi. Da ya ce, “Goma da goma,” sai filin ya yi tsit, har ana jin ƙarar motoci daga titi.

Ƙwallo tana hannun Auta. Leɓensa ya kumbura, rigarsa ta yi ja a gaba. Ya buga ƙwallon a hankali yana kallon yayansa, Guduma ya buɗe hannuwa ya manne masa, numfashinsu yana haɗuwa. Auta ya shiga, ya tsaya cak, ya tashi. Tsalle ne mai kyau, miƙaƙƙe, ya yi sama inda hannun Guduma ba zai kai ba ko da tsani. Guduma ya ga an gama da shi. Ya ga benci, ya ji bakin Tela, ya ji an ce an ci Guduma a filinsa.

Ƙafarsa ta dama ta zura gaba. Ya san ya zura ta. Akwai ɗan lokaci, kaɗan amma akwai, da zai iya janyewa, kuma bai janye ba.

Auta ya sauka a kanta. Ƙarar ta yi kama da ta busasshen icce idan an taka. A sama kuma ƙwallon ta daki bakin kwando, ta yi tsalle, ta fito. Guduma ya ji ƙarar, ya ji ta har a tafin ƙafarsa, amma jikinsa bai tsaya ba. Ya ture kafinta ya cafke ƙwallon, ya fita da ita bayan layi kamar yadda ake yi, ya dawo da gudu ya tsallake wani abu a ƙasa, ya ajiye ta a kwando. Sarƙa ta yi ƙara. Ya ɗaga hannuwa sama ya ƙwalla ihu da dukan muryarsa, jijiyoyin wuyansa a waje.

Shi kaɗai yake ihu. Da ya sauke hannu ya juya sai ya ga abin da ya tsallake. Auta yana kwance da gefe yana cizon hannunsa don kada ya yi kuka, ƙafarsa ta hagu ta juya tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

Babu wanda ya matsa. Kowa ya ga ƙafar da aka zura, kowa ya san sunan abin, kuma kowa Auta yake jira. Tela ya sauko daga tayarsa ya tsuguna kusa da shi, da wata murya da ba a san yana da ita ba ya ce, “Auta, ka kira? In ka kira, cin nan bai ci ba.”

Auta ya cire hannu daga baki. Haƙoransa sun bar shaida a fatar. Ya ce, “Babu keta. Ni na sauka ba daidai ba.”

Guduma ya zube a gwiwoyinsa a gefensa. “Kira,” ya ce. “Auta, kira.”

“Babu keta, Yaya.”

“Keta ce! Ku kuna gani ai, keta ce, ni na sa masa ƙafa! Tela, soke cin nan!”

Tela bai kalle shi ba. Ya ce, “Ba kai ke kira ba. Kai ka kafa dokar. Goma sha ɗaya da goma, fili naka ne.”

Mai Aski ne ya fara isowa. Ya ɗauke Guduma da naushi a kunne, ya ƙara masa a ido, ya hau kansa yana duka yana zagi. Mahauci ya taho zai shiga, kafinta ya tare shi da kai a ciki, suka zube a kan benci ya karye. Nan da nan fili ya hargitse, wani ya ɗauko sifana, wasu suka riƙe shi, wata mata daga shagunan gaba tana ta salati. Guduma, wanda bai taɓa barin bashin duka ya kwana ba, ko hannu bai ɗaga ba. Yana kwance yana karɓa, kuma kowane naushi sai ya ji ya yi masa kaɗan. Sai da Auta ya yi ƙara daga ƙasa ya ce, “Ku ƙyale mini yayana!” sannan aka janye Mai Aski.

Ƙafar ta riga ta kumbura ta cika takalmin, igiyar da Guduma ya ɗaure da safe ta nutse cikin fata. Guduma ya karɓi almakashin Tela zai yanka, sai Tela ya karɓe ya yanka takalmin daga sama har ƙasa. Aka ciro ƙofar wata matacciyar mota aka ɗora Auta a kai. Lokacin da ake fita da shi kocin ya matso, ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya kalli Guduma.

“Yaron ya yi,” ya ce. “Tun yana da ci biyar na gama yanke shawara.” Ya gyara hularsa. “In ya warke a neme ni.” Yadda ya faɗa, duk wanda ke wurin ya san ba ya sa ran a neme shi.

Washegari da safe Guduma yana tsaye a barandar asibiti, ido ɗaya a rufe, yankakken takalmin a hannunsa, don tun jiya ya kasa ajiye shi. Likitan ƙashi ya nuna masa hoto a jikin taga, ya nuna inda ƙashin ya karye da inda jijiya ta tsinke. Ya ce sun sa ƙarfe, kuma yaron zai yi tafiya da yardar Allah. Guduma ya tambaye shi tsalle fa. Likitan ya mayar da hoton cikin ambulan, ya ce a fara samun tafiyar tukuna.

A cikin ɗakin gadaje shida ne, Auta yana na ƙarshe kusa da taga, ƙafarsa a ɗage cikin farin bandeji. Inna tana zaune a bakin gadon tana ba shi ruwa. Ta ɗago ta ga fuskar babban ɗanta.

“Kai kuma wa ya yi maka haka? Ko wanda ya ji wa yaron nan ciwo ka je ka tara? Shi dai Auta ya ce mini zamewa ya yi.”

“Zamewa na yi, Inna,” in ji Auta.

“Ba zamewa ya yi ba,” in ji Guduma. “Ni ne. Ni na sa masa ƙafa yana sama. Da gangan.”

Inna ta ajiye kofin a hankali. Ta kalli Guduma, ta kalli takalmin da ke hannunsa, wanda ta ga ya durƙusa ya ɗaura jiya a tsakar gidanta. Ya so ta mare shi, ya so ta zage shi a gaban marasa lafiya da masu jinya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara mayafinta ta miƙe, ta raɓa ta gefensa ba tare da kayanta sun taɓa shi ba, ta fita baranda.

Suka rage su biyu. Guduma ya kasa zama a inda ta tashi, sai ya tsaya a ƙarshen gadon ya riƙe ƙarfen. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa shi, sai ya fito masa a matsayin faɗa, don shi kaɗai ya iya.

“Me ya sa ba ka duba ƙasa ba? Ban koya maka ba? Tun kana ƙarami me nake gaya maka? Ko wa ke ƙarƙashinka, duba ƙasa! Baƙi nawa suka ɗana maka ka kauce? Me ya hana ka dubawa jiya?”

Auta ya juyo da kai a kan matashi. Leɓensa yana nan a kumbure, maganar tana fita da ƙyar.

“Na duba, Yaya. Na ga ƙafar.”

“To don me ba ka naɗe taka ba?”

“Na ga taka ce. Na ɗauka za ka janye.”

Guduma ya sulale ya zauna a ƙasa a gindin gadon, ya kifa fuska a kan takalmin. Mai jinyar gadon kusa ta ja labule. Auta ya miƙa dogon hannunsa yana laluben kafaɗar yayansa, amma daga inda yake kwance bai kai ba.